Makero da kyasbi a jikin wanda aka yi wa dashen ƙoda: inda maganin kasuwa ke zama haɗari

A Tuboro da sauran garuruwan Mayo-Rey, ba kasafai ake kai makero ko kyasbi asibiti ba. Yaro ya fito da ƙora a ka, sai a aske shi, a sayo man shafawa wajen mai tebur. Babba ya ga fari-fari a ƙirjinsa lokacin zafi, sai ya haɗiyi ƙwayar da wani ya ce masa ta yi masa aiki. Sau da yawa kuwa a dace, abin ya baje, ko ya lafa sai wata shekara.

Amma akwai wasu mutane, ba su da yawa, da wannan saba'ar za ta iya jawo musu asarar abin da aka sayar da shanu da gonaki kafin a samo shi. Su ne waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Cututtukan fata irin waɗannan sun fi saurin kama su, sun fi wuyar rabuwa da su, kuma wasu daga cikin magungunan da kowa ke sha domin su na iya lalata ƙodar da aka dasa musu.

Daga wankin ƙoda zuwa dashe

Mai ciwon ƙoda daga Tuboro wanda ƙodojinsa suka daina aiki, hanyarsa ta farko ita ce cibiyar wankin ƙoda, irin wadda ke asibitin yanki na Garwa. Tun daga 2023, ƙarƙashin shirin lafiya ga kowa na gwamnatin Kamaru, kuɗin wankin ya koma sefa 15,000 a shekara, maimakon 5,000 a kowane zama. Sauƙi ne babba, sai dai wankin ƙoda yana ɗaure mutum kusa da na'ura sau biyu ko uku a mako, har iya rayuwarsa. Manomin auduga ko mai fataucin shanu a kasuwar Mbaibum ba zai iya haɗa wannan da sana'arsa ba.

Shi ya sa wanda yake da hali, kuma ya samu ɗan'uwan da zai ba shi ƙoda, yake neman dashe. A watan Nuwamban 2021 Babban Asibitin Yawunde ya buɗe aikin dashen ƙoda tare da taimakon likitoci daga Siwizalan. A tsallaken iyaka, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yin aikin tun 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma ya yi nasa na farko a 2010. Wasu kuma Indiya suke tafiya, ko Masar, ko Tunisiya.

Ko ina aka yi aikin, abin da mutum ke dawowa da shi iri ɗaya ne: tabo a gefen mara, da jakar magungunan da zai sha muddin ƙodar tana jikinsa. Dalili kuwa shi ne garkuwar jiki ba ta san kyauta ba. Duk abin da ba nata ba baƙo ne, kuma za ta far masa. Dashen farko da ya ɗore, wanda Dakta Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a 1954, ya yi nasara ne saboda tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Kowa ban da irinsu sai an danne masa garkuwa. Yau galibi ana haɗa magunguna uku: tacrolimus (ko ciclosporine), da mycophénolate, da prednisone. Haka sunayen suke fitowa a takardar likita da Faransanci, kuma yana da kyau duk wanda ke gidan ya san su.

Wani abin mamaki shi ne ita ciclosporine daga jikin wata funfuna aka fara samo ta, wadda aka tsinto a ƙasar da aka ɗebo daga Norwe. Shi ma mycophénolate asalinsa funfuna ce. Magungunan da suka fito daga funfuna su ne ke buɗe wa danginta ƙofa.

Me ya sa fata ke fara nunawa?

Ƙwayoyin da ke kawo makero da kyasbi dangin funfunar da ke kama kwanannen tuwo ne. Likitoci na kiransu fungas, cutar kuma da Faransanci mycose. Suna ko'ina: a ƙasa, a jikin dabbobi, a fatar mutum mai lafiya. Abin da ke hana su wuce gona da iri shi ne wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna T. Su ne kuma dai ke kai wa baƙuwar ƙoda hari, don haka su magungunan dashe ke dannewa. Ba yadda za a kwantar da su a gefe ɗaya a bar su a farke a ɗaya gefen.

Kyasbi shi ne mafi sauƙi. Ƙwayar da ke kawo shi, Malassezia, dama tana zaune a fatar kowa, tana cin maiƙon jiki. Zafi da zufa da prednisone su ke ba ta dama ta yaɗu a ƙirji, da baya, da wuya. Ba ya taɓa ƙoda, ba ya shiga jini. Sabulun wanke kai mai kétoconazole ko man shafawa yakan isa, sai dai launin fata kan ɗauki watanni kafin ya dawo bayan ƙwayar ta mutu, kuma a nan ne mutane ke ɗauka magani bai yi ba, su koma neman na haɗiya. Abu ɗaya da za a kula da shi: farin tabon da aka taɓa mutum bai ji ba, wannan ba kyasbi ba ne, sai an duba ko kuturta ce.

Makero, da ƙora, da cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa, da lalacewar farce duk aikin gida ɗaya ne na fungas masu cin busasshiyar fata da gashi. Ana ɗaukarsu daga mutum, daga tawul da hula da askar wanzami ko injin aski, daga yara 'yan makaranta masu ƙora, har daga dabbobi. A yanki mai shanu irin Mayo-Rey wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne: farin tabo mai ɓawo da ake gani a fuskar maraƙi ko wuyansa makero ne, kuma yana tsallakawa zuwa hannun mai kama shi.

A jikin mai lafiya makero yakan yi zobe, bakinsa ja ko baƙi, tsakiyarsa fes, ga ƙaiƙayi. Wannan zoben alamar faɗa ce tsakanin ƙwayar da garkuwar jiki. Wanda aka danne wa garkuwa ba lalle ya yi zobe ba. Sai dai a ga fata ta yi faffaɗan tabo mai ɗan gari-gari a ciki, ko gindi, ko cinya, ba wani ƙaiƙayin kirki, yana ta faɗi a hankali. Farce kuma sai ya yi kauri, ya yi fari ko rawaya, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mutum na iya shafe watanni yana cewa kirci ne ko bushewar hunturu.

Na uku shi ne Candida, mai son lungu mai damshi: matsematsi, hammata, ƙarƙashin mama, al'aura, da cikin baki, inda take yin fari kamar kindirmo a harshe. Tacrolimus da prednisone duka suna iya tayar da ciwon sukari ga wanda ba shi da shi a da, Candida kuwa ba abin da take so kamar sukari. Mai dashen da wannan ke ta dawo masa, a gwada sukarinsa. Idan kuma haɗiya ta fara yi masa zafi, alama ce ta gangara maƙogwaro.

Inda maganin ya fi cutar haɗari

Tacrolimus magani ne mai ƙunci. Tazarar da ke tsakanin abin da ya yi kaɗan da abin da ya yi yawa 'yar ƙarama ce. Idan ya yi kaɗan a jini, jiki ya far wa ƙodar. Idan ya yi yawa, shi da kansa guba ne ga ƙodar da yake karewa, domin yana matse ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini. Shi ya sa ake auna shi a jini a kai a kai, da safe, kafin a sha na ranar.

Wani sinadari da ke hanta da hanji, mai suna CYP3A4, shi ke narkar da tacrolimus da ciclosporine ya fitar da su. Magungunan fungas na haɗiya da sunansu ke ƙarewa da "azole", wato kétoconazole, itraconazole, voriconazole da fluconazole, suna toshe wannan sinadari. Mutum yana shan adadin tacrolimus ɗin da ya saba, amma ba ya fita, sai ya taru. Cikin 'yan kwanaki yawansa a jini na iya ninkawa. Abin da ke biyo baya shi ne karkarwar hannu, ciwon kai, hawan jini, hauhawar gishirin potasiyom wanda ke iya rikita bugun zuciya, da tashin kiriyatinin, ma'aunin da ke nuna ƙoda tana wahala. Wani lokaci kuma babu alamar komai sai a takardar gwaji.

Ƙarfin wannan toshewa ya kai ga cewa a wasu asibitocin ƙasashe marasa ƙarfi likitoci sun riƙa haɗa wa masu dashe kétoconazole da gangan, don a rage yawan ciclosporine mai tsada da fiye da rabi. Amma wannan da awo ake yinsa, da gwajin jini a gefe. Mai tebur ba shi da ko ɗaya.

Fluconazole ne ya fi kusa da hannun mutane, musamman mata, saboda ƙwaya ɗaya ce ake sha don ƙaiƙayin gaba, kuma ana samunta a kowace kasuwa. Toshewarta ba ta kai ta sauran ba, amma mai maimaita ta ko shanta kwanaki a jere ya shiga haɗari. Kétoconazole na haɗiya kuwa tun 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar dakatar da shi a matsayin maganin fungas saboda illarsa ga hanta, amma bai ɓace daga kasuwannin Afirka ba.

Griséofulvine, tsohon maganin ƙora da iyaye suka sani, akasin haka yake yi. Yana zaburar da hanta, ta narkar da ciclosporine da sauri, yawanta ya faɗi, jiki ya samu damar far wa ƙodar. Magani ɗaya ya kai sama, ɗaya ya kai ƙasa, kuma duk biyun ana miƙa su a kan tebur guda da sunan maganin makero.

Akwai tarko na biyu da ko wanda ya bi ta asibiti ke faɗawa. Idan likita ya ga dole sai an ba da itraconazole, zai rage tacrolimus tun daga farko. Ranar da aka gama shan itraconazole, hanta za ta koma aikinta, ragaggen tacrolimus ɗin kuma ba zai isa ba. Wanda ya gama magani ya koma gida bai koma an sake auna shi an mayar masa da adadinsa ba, ƙodarsa na iya tafiya a makonnin da yake murnar fatarsa ta warke.

To, da me ake yi? Ga makeron da bai yaɗu ba, man shafawa na clotrimazole ko terbinafine, mako 2 zuwa 4, a ci gaba har bayan tabon ya ɓace. Abin da ke ratsa fata zuwa jini kaɗan ne ƙwarai. Ga farin baki, ruwan nystatine ya fi aminci domin hanji ba ya tsotse shi. Man baki na miconazole da ƙwayar tsotso ta clotrimazole kuwa suna shiga jini, kuma suna ɗaga tacrolimus. Ƙora da farce ba sa jin shafawa, sai an haɗiya, kuma galibi terbinafine likitoci ke zaɓa saboda ba ta cika rikita magungunan dashe ba. Ita ma sai an duba hanta da ƙarfin ƙoda kafin a fara. Farcen hannu kan ci mako 6, na ƙafa mako 12.

Ko wannan mafita ta fara samun tangarɗa. A shekarun baya-bayan nan wani nau'in makero ya mamaye Indiya, wanda aka raɗa wa suna Trichophyton indotineae a 2020. Yana yaɗuwa a jiki da faɗi, sau da yawa ba ya jin terbinafine, kuma ya riga ya bi matafiya zuwa ƙasashe da dama. Maganin da aka fi dogara da shi a kansa shi ne itraconazole, wato dai wanda ke faɗa da tacrolimus. Duk wanda aka yi wa dashe a Indiya, ko ya je can duba lafiya ya dawo da makero mai taurin kai, ya gaya wa likita inda ya fito.

Man da ke ɓoye ciwo

Yawancin man shafawar da ake sayarwa a matsayin "maganin duk wani ƙaiƙayi" haɗi ne: ɗan maganin fungas, ɗan maganin bakteriya, da sinadarin kotizon mai ƙarfi irin su bétaméthasone ko clobétasol. Kotizon ɗin ne ke kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa man ya yi farin jini. Amma abin da ya kashe shi ne ɗan ragowar faɗan da fata ke yi. Ƙwayar sai ta samu fili, ta yaɗu, siffar tabon ta sauya har likita ya kasa gane shi da ido.

Haka man sauya launin fata yake, domin da yawansu kotizon ne a ciki. A watan Agustan 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru, ƙarƙashin minista Manaouda Malachie, ta haramta shigowa da sayar da kayan shafa masu ɗauke da irin waɗannan sinadarai. A garin da ke kan iyakar ƙasa uku, inda kaya ke shiga da fita tsakanin Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya, doka kaɗai ba za ta kwashe su daga kasuwa ba. Matar da aka yi wa dashe, tana shan prednisone, ta kuma ɗora irin wannan mai, ta danne garkuwar fatarta sau biyu.

Ƙurjin da ba na fata kaɗai ba

Kaso mafi yawa na abin da aka ambata ba ya kisa. Abin da ke tayar wa likitocin dashe hankali shi ne ɗan ƙaramin kason da ke nitsawa ciki, ko wanda daga ciki ya fito.

Makeron da aka bari ya daɗe, musamman a ƙafa, na iya bin ramin gashi ya gangara ƙarƙashin fata, ya zama ƙullutu masu tauri, wasu su fashe da mugunya. Akwai kuma baƙaƙen funfuna da ke zaune a ƙasa da ruɓaɓɓen itace, waɗanda ƙaya ko sartse ke cusawa cikin jiki. Mutum ya manta da sukar, bayan watanni sai ƙullutu ya fito a hannu ko gwiwa, ba zafi, yana girma a hankali. Sau da yawa sai an yanke shi kafin magani ya ci.

Cryptococcus ya fi waɗannan muni. Ana shaƙarsa ne daga ƙura, musamman inda busasshen kashin tattabaru ya taru, ya zauna a huhu, sannan ya bi jini. A fata yakan fito kamar ƙananan ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, ko gyambo, ko kumburin ƙafa mai zafi da za a yi ta ba wa maganin bakteriya ba ya ji. Idan an gan shi a fata, likita zai ɗauka ya riga ya yaɗu har sai gwaji ya nuna akasin haka, kuma inda ya fi so shi ne ƙwaƙwalwa, inda yake kawo wani irin sanƙarau mai tafiyar hawainiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin fungas 19 masu barazana da ta fitar a Oktoban 2022, ta sa shi a sahun farko. Yammaci da tsakiyar Afirka kuma suna da nasu na gida, wani nau'in Histoplasma da ke da alaƙa da kashin jemage, wanda ke fitowa a fata da ƙashi. Maganin farko na irin waɗannan idan sun yi tsanani, amphotéricine B, shi ma yana wahalar da ƙoda, kuma sai a gadon asibiti ake ba da shi.

Da ido ba a rarrabe su. Ƙullutu mai duhu a ƙafar mai dashe na iya zama fungas, na iya zama tarin fuka na fata, na iya zama sankarar Kaposi, wadda ita ma danne garkuwa ke tayar da ita. Don haka duk ƙullutu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko ƙurjin da ya zo da zazzaɓi, tari, ko ciwon kai mai naci, ba na jira ba ne. Ana yankar ɗan ƙaramin nama a kai ɗakin gwaji. Haɗarin ya fi yawa a watannin farko bayan aiki da kuma duk lokacin da aka ƙara ƙarfin magani saboda jiki ya fara ƙin ƙodar, amma yana iya zuwa bayan shekaru.

Matsalar nisa

Duk wannan yana da sauƙin faɗa a Yawunde ko Kano. Daga Tuboro zuwa Ngaundare tafiya ce ta fiye da kilomita 200, sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Auna tacrolimus ba gwaji ba ne da ƙananan asibitoci ke yi. Babu wanda zai yi wannan tafiya saboda tabo a cinya, kuma ba lalle sai an yi ba.

Abin da za a iya yi a kusa ya fi yadda ake zato. Kankaro ɗan garin fata a duba shi a madubin likita da ɗigon sinadarin potas gwaji ne mai arha, na mintuna, wanda ke tabbatar da fungas ne ko ba shi ba. Ana yinsa kafin a shafa komai, domin mai yana ɓata sakamako. Hoton tabon ta WhatsApp zuwa ga likitan ƙodar da ke bin mutum yakan isa a yanke shawarar ko shafawa ta wadatar ko sai an zo. Kiriyatinin da sukari kuma an fi samun inda ake auna su. Abin da bai kamata ya faru ba shi ne nas ko mai sayar da magani ya miƙa ƙwayar fungas bai san wanda ke gabansa yana shan tacrolimus ba. Mai dashe ya riƙa yawo da takardar magungunansa, ya nuna ta kafin a tambaye shi, ko a Garwa yake, ko a Mundu, ko a Yola. Kuma kada ya rage ko ya tsayar da magungunan dashe da kansa don fata ta warke. Idan ragewa ta kama, likitan ƙoda ne ke yi. Jiƙo da sassaƙen da ba a san abin da suke yi wa hanta ba suna cikin wannan hukunci, haka ma lemon pamplemousse, wanda ke toshe sinadarin da su kétoconazole ke toshewa.

Sauran kariyar ta cikin gida ce. Mai dashe ya mallaki injin askinsa ko rezarsa, da tawul da hular da ba ya tarayya da kowa. Yaron gidan da ke da ƙora a yi masa magani har ya warke, domin muddin tana kansa za ta yi ta dawowa. Bayan alwala a share tsakanin yatsun ƙafa, tunda jiƙa su sau biyar a rana sannan a cusa su a takalmin roba shi ne abin da cin ruwa ke nema, kuma tsagewar da yake bari ƙofa ce ga bakteriya. A gona a sa takalmi rufaffe da safar hannu. Sharar ɗakin tattabaru da kaji, da shiga tsohon rumbu ko rufin da jemagu suka mamaye, a bar wa wani. Maraƙin da ya yi tabo, wani ya kama shi har dabbar ta warke.